Kafin Ka Kwance Igiya Daga Ingila

Ɗana, mahaifiyarka ta gaya mini ka sayi jirgin ruwan nan mai tafiya da iska, mai tsawon mita 11, kuma kai da maiɗakinka kun ƙudura shekara biyu a Bahar Rum. Ta ce in hana ka. Ba zan hana ka ba, don ni ma na yi, kuma da gwiwoyina za su yarda da gobe ma zan koma. Amma na ga hotunan da ka aiko: sababbin igiyoyi, sabon anka, na'urar nuna hanya mai tsada. Ban ga jakar takardu ba. To zauna mu yi maganar jakar.

Iska ba ta taɓa kwana da ni a ofis ba. Guguwa takan zo ta jijjiga mutum kwana ɗaya ko biyu ta wuce. Abin da ya lalata mini tafiya sukutum lissafin kwanaki ne.

Ga yadda abin yake. Fasfonka na Birtaniya ne, kuma tun 1 ga Janairun 2021 mai wannan fasfo baƙo ne a ƙasashen yarjejeniyar Shengen. Kwana 90 kake da su cikin kowaɗanne kwana 180, ranar shiga a ciki, ranar fita a ciki. Mutane da yawa suna zaton in ka leƙa waje mako ɗaya ka dawo, lissafin ya koma farko. A'a. Kowace safiya ana waiwayar kwana 180 da suka shige a ƙirga nawa ka yi a ciki. Faransa, Sifen, Italiya, Malta, Girka, duk tukunya ɗaya ce. Kuroshiya da a da matuƙa ke gudu can su huta da ƙirga, ita ma ta shiga tukunyar ranar 1 ga Janairun 2023, don haka duk tsohon da ya ba ka shawarar fakewa can, labarinsa ya kwana.

Jirgin kuma nasa lissafin daban. Jirgi mai rajistar waje, wanda mai shi ba mazaunin Tarayyar Turai ba ne, kwastan kan bar shi wata 18 ba tare da an biya masa harajin kaya ba. Kafin su cika sai ka fitar da shi zuwa wata ƙasa da ba ta cikin Tarayyar, ka riƙe shaidar cewa ya je, sannan ka dawo a fara sabon ƙidaya. Ka ga ke nan jirginka ya fi ka gata: shi yana da shekara ɗaya da rabi, kai wata uku. Duk rikicin hunturu daga nan yake tasowa.

A 2022 na yi wautar da har yau iyalina ke yi mini dariya a kanta. Na shiga Girka a ƙarshen Yuli, na yi ta yawo tsakanin tsibirai, na tsallaka Italiya, na iso kudancin Sisili a farkon Oktoba. Tun daga gida na riga na biya kuɗin matsaya na wata shida cur, don an ce wurin da araha kuma akwai 'yan'uwa matuƙa da ke kwana cikin jiragensu har bazara, suna gasa kifi tare ranar Lahadi. Duk gaskiya ne. Abin da ban lura ba shi ne yawancinsu Jamusawa ne da Faransawa da 'yan Holan, waɗanda babu mai ƙirga musu kwana. Wani maƙwabcina ne ya karɓi fasfona ya ƙirga da yatsa, ya ce saura mini kwana 12. Kuɗin da na biya ba a mayarwa, haka yarjejeniyar ta ce, kuma ni na sa hannu. Na ɗaure jirgin a gaggauce na hau jirgin sama.

Da na dawo bayan wata huɗu, warin fumfuna ne ya fara yi mini maraba. Katifu sun yi baƙi, batir ya mutu, igiya ɗaya ta goge a jikin ƙarfe saura ƙiris ta tsinke. Alƙur'anina kaɗai ya tsira, don na nannaɗe shi a leda.

Saboda haka tambayar farko ba ina ne ya fi kyau ba. Tambayi kanka: a cikin jirgin za mu yi hunturu, ko barinsa za mu yi mu dawo gida? In barinsa za ku yi, a fitar da shi tudu. A Girka, daura da garin Preveza, akwai manyan filaye da aikinsu ke nan: inji ya ɗaga jirgi, a wanke ƙasansa, a tokare shi da ƙarafa har Afrilu. Sauke ƙyallen iska gaba ɗaya ka adana a ciki, zubar da ruwan tankuna, cire wayar batir, jingine katifu a tsaye, bar kafar da iska za ta riƙa ratsawa. Sannan ka samu mutum takamaimai, da lada, mai leƙawa bayan kowane ruwan sama ya aiko maka hoto. Alkawarin maƙwabci na fatar baki ba ya kai Janairu.

In kuwa zama za ku yi, nemi ƙasar da ba ta cikin Shengen, ka kuma san tata dokar, don kowace da nata ƙa'idar zama. Turkiyya na da matsaya masu kyau a Marmaris da Finike, amma ita ma kwana 90 cikin 180 take ba ka, wanda ya zarce sai da izinin zama, ga kuma takardar yawon jirgi da ake yanka tun a tashar shiga. Ni da zan sake, Monastir ta Tunisiya zan nufa. Matsayar tana gindin tsohuwar ganuwar ribaɗi da aka gina tun 796, kana kwance a jirgi kana jin kiran asuba, nama kuma ba sai ka yi tambaya ba. Zuwa can yana tsayar da ƙidayarka ta Shengen, ya kuma sabunta wa jirgin watanninsa 18. Sai dai ka kira kamfanin inshorarka tukuna, don wasu takardun ba su haɗa da gaɓar Arewacin Afirka ba, wasu kuma sun shardanta watannin da jirgi zai kasance a ɗaure.

Ka kama wuri tun Yuni ko Yuli; zuwa da wuri ya fi zuwa da wuri-wuri. Kada kuma ka ja tafiya har ƙarshen kaka don iska tana daɗi. A tsakiyar Satumban 2020 guguwar da aka sa wa suna Ianos ta faɗa wa tsibiran Kefaloniya da Itaka da Zakintos, ta nutsar da jirage a cikin tasha, a lokacin da mutane ke ganin da sauran rani.

Jakar kuwa: rajistar jirgi ta asali, shaidar saye, inshora, takardar ƙwarewar tuƙi, lasisin rediyo, jerin sunayen waɗanda ke cikin jirgi a kwafi da yawa. A Girka jirgin da ya haura mita 7 yana biyan harajin yawo wata-wata, ajiye rasit ɗin. In ka iso sabuwar ƙasa, ɗaga tutar rawaya, nufi tashar da aka amince a shiga ta nan, kada kowa ya tafi kasuwa sai an gama da jami'ai. Sa riga mai kyau, yi gaisuwa, kada ka yi musu. Kuma duk rasit na mai ko na matsaya, komai ƙanƙantarsa, cikin jaka, don ranar da za a tambaye ka ina jirgin yake a watan kaza, shi zai amsa.

Ka sayi kalandar bango ka ba maiɗakinka, na lura ta fi ka natsuwa da lissafi. Ku zana mini watanni 24 ɗin, wace ƙasa a wane wata, ku kawo ranar Juma'a bayan masallaci mu ƙirga tare. Ni zan ji da mahaifiyarka.