Keken Ɗinki Mai Faifai da Zanen Gadon Amarya

Kowace Asabar bayan sallar la'asar, waɗansu matan Hausawa na Agege, a birnin Ikko, sukan taru a gidan wata dattijuwa 'yar asalin Zariya, kowacce da ƙunshin ƙyallayenta. Ba teloli ba ne, sha'awar ɗinki ce kurum ta haɗa su. Kekunansu uku ne, Singer biyu na ƙafa da Butterfly ɗaya ƙirar ƙasar Sin, dukkansu kuwa miƙaƙƙen ɗinki kaɗai suka iya.

Ana nan sai wata malamar asibiti ta zo da na huɗu, wanda allurarsa ke kaiwa dama da hagu. Dabarar ba sabuwa ba ce: wata Ba'amurkiya, Helen Blanchard, ta yi rajistar ɗinkin zigizag tun 1873, kamfanin Elna na Suwizalan kuma ya fito da keke mai faifan ado a 1952. Faifan ɗan ƙarami ne mai tudu da kwari a bakinsa. Yana juyawa yana tura allura, sai ka ga ganye ko haƙorin zarto ya fito a kan yadi.

Da fari wasa aka ɗauki abin. Amma da aka sa ranar auren 'yar fari ta ɗaya daga cikinsu, ga shi uwar ba ta da halin sayen zanen gado mai aiki, sai wasa ya koma hidima. Ta sayo farin yadi da kuɗin adashinta, ba ta da na sake wani.

Gwajin farko, wanda Allah ya sa a kan ƙyalle aka yi, ya yamutse kamar fatar tsohuwar jaka. Dattijuwar ta juya bayansa ta duba, ta ce, "'Yar nan, zarenki na sama ya cika ƙarfi." Malamar ta amsa, "To, Inna, a sassauta." Gaskiyar tsohuwa kuwa: a ɗinkin ado ana so ƙullin zaren biyu ya koma ƙasan yadi. Suka rage tsawon taku har zare ya kwanta jikin zare, suka shimfiɗa takarda a ƙarƙashi don kada yadin ya tattare, in an gama a yage ta. Zare mai kauri da ya ƙi shiga kafar allura kuwa, a kwarkwaro suka naɗa shi da hannu, suka kife yadin suka ɗinka ta baya. Wannan dabara har tsohon Butterfly ya iya ta.

Sai dai mai karatu ya sani, faifai abin da aka sassaƙa masa yake maimaitawa. Ganye na ɗari daidai yake da na farko, ido kuma yakan gaji da irin wannan daidaito. Ba faifan da zai fitar da aska takwas ko tambari irin na babbar rigar Zazzau, wadda maɗinki kan shafe watanni a kanta da zaren tsamiya.

Saboda haka suka raba aiki. Keke ya zagaye bakin zanen gado da na matasan kai huɗu cikin Asabar biyu. Tsakiyar kuwa dattijuwa ta karɓa, ta zana dagi da alƙalami, ta ɗinka shi da hannu kamar yadda ta ga mahaifinta yana yi a zaure. Ta kammala saura kwana uku a kai jere.