Fijon Kakuri da buhunan cittarmu

Mu da muka tashi a Kagoma, tun kafin mu iya karatu mun san zakin da ke gaban Fijo. Da asubar ranar kasuwa a-kori-kura 404 za ta tsaya a bakin titin Kafanchan zuwa Kwoi, a yi ta loda mata buhunan citta har bayanta ya zauna. In batir ya ƙi, mu yara ne 'yan turi. Sai da muka girma muka gane cewa da yawa daga motocin nan a jiharmu aka haɗa su.

Kamfanin Peugeot da maƙera ya fara. A 1810 iyalin Peugeot, a gabashin Faransa, suka mayar da injin niƙan hatsinsu wurin sarrafa ƙarfe. Zarto suka yi, da injin niƙa kofi, daga baya kekuna. Mota ba ta zo ba sai 1889. Shi kansa zakin tambarin zarto ne tun farko, don nuna kaifin haƙoransa.

A 1972 aka kafa kamfanin PAN da haɗin gwiwar gwamnatin Najeriya, a 1975 kuma masana'antar Kakuri a Kaduna ta fara aiki, zamanin Janar Gowon. Ta jirgin sama ake kawo sassan mota daga Lyon zuwa Kano, a kwaso su zuwa Kaduna. Daga nan 504 ta cika ƙasa: ita ce motar gwamnati, ita ce ta haya, ita ta kai matanmu asibitin Kafanchan cikin dare lokacin naƙuda. Yayyenmu da suka samu aiki a Kakuri, da albashinsu aka biya wa wasunmu kuɗin makaranta.

Bayan 1986, da darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, 'yan Kwatano suka mamaye tasha. A 2006 gwamnati ta sayar da mafi yawan hannun jarinta, a 2012 bashi ya sa AMCON ta karɓi kamfanin. Yayyenmu suka dawo gida da akwatin sifana.

To, 'yan uwa, wannan akwatin shi ne abin da ya rage mana. Wasu daga cikinsu suna nan a gareji a Kafanchan, gashi ya yi fari, ido ya fara rauni, ba yaro ko ɗaya a gefensu. 'Ya'yanmu kuwa duk sun hau acaɓa. In tsofaffin nan suka tafi da abin da ke kansu, ko walda ce sai mun nemo baƙo.

Iyalin da suka yi 504 shekara 79 suka yi suna bugun ƙarfe kafin motarsu ta farko. A taronmu na gaba, kowace unguwa ta zo da sunan yaro ɗaya da za mu biya wa kuɗin koyon aiki.