Ƙiriniyar Ɗana Da Abin Da Na Gano A Sabon Ibadan



Yau ina so in ba ku labarin ɗana na biyu, ko Allah zai sa wani ya amfana. A nan Sabo, Ibadan, aka haife shi a shekarar 2019. Yayarsa kuwa a gida Katsina aka haife ta, domin uwargida ta je goyon ciki wurin iyayenta, ta yi jego a gaban mahaifiyarta har aka yi arba'in. Shi kuma da cikinsa ya tsufa kasuwa ta tsaya, babu kuɗin mota, sai ta haihu a nan, daga ni sai ita.

Da yaron ya kai shekara biyu sai abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Ga kuka, ga cizo, ga birgima a ƙasa, dare kuma ba barci. Na ce taurin kai ne ya gado, na sa bulala, na karɓo rubutu, duk a banza.

Wata rana maƙwabciyarmu, wata dattijuwa Bayarabiya da ta tsufa cikin Hausawa, ta tare ni a bakin ƙofa ta ce, "Alhaji, ka bar dukan yaron nan, ka dubi uwarsa." Wallahi sai jikina ya yi sanyi. Matar da na sani da fara'a ta rame, ta koma shiru-shiru, sai ta yini ba ta yi wa yaron wasa ba, ni kuma ina can kasuwa ban lura ba.

A asibiti aka ce tana da ƙarancin jini, ga kuma ciwon damuwa da ya kama ta tun bayan haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 na shiga irin wannan hali bayan ta haihu. Likita ta yi mini bayani cewa ƙaramin yaro daga fuskar uwarsa da muryarta yake koyon natsuwa. In ya nemi hankalinta bai samu ba, sai ya ƙara ihu. Ta kuma tambaye ni yadda aka rene ni. Na yi shiru, domin da tsawa da bulala na tashi, su na kawo gidana.

Ta fara shan magani, na aika ƙanwarta ta zo ta zauna da mu, ni kuma na ajiye bulala, na riƙa dawowa gida kafin magariba. Yaron bai sauya rana ɗaya ba, amma a hankali kukan ya ragu.

'Yan uwa, a gida mai jego tana da uwa da goggo da inna. A nan kudu mu maza ne danginta. Kafin mu ce yaro ya cika ƙiriniya, mu fara tambayar lafiyar uwarsa.

Allah ya shirya mana zuri'a, amin.