Me ya sa ba mu kama ofis a GRA ta Daura ba?

1/ Tun da muka ɗora hoton sabon ofishinmu ake ta turo min tambaya ɗaya: me ya hana ku GRA? Bari in amsa gaba ɗaya, wataƙila mai shirin buɗe nasa ya ƙaru. Zare ne, ku yi haƙuri da tsawonsa 🧵

2/ Mu uku ne, sana'armu haɗa sola: faranti, batir, inbata da famfon ban-ruwa. Shekara biyu muna aiki daga zauren gidanmu. Abin da muka tara kuɗin hayar shekara ɗaya ne cif, kuma mai gida a dunƙule yake son kuɗinsa. In wurin bai karɓe mu ba, sai dai mu koma zaure.

3/ Wuri uku dillali ya nuna mana: wani gida a GRA, shago a cikin gari wajen Kusugu, da shago mai ƙofa biyu a bakin hanyar Kwangwalam.

4/ GRA ta burge mu, ba ƙarya. Shiru, ga bishiyoyi, ga wurin ajiye mota. Ga kuma suna. Daga 2015 zuwa 2023, lokacin mulkin Baba Buhari (Allah ya jiƙansa), in ya zo gida yin Sallah gwamnoni da ministoci kan yi layi a unguwar. Abokina ya dage: nan manyan kwangiloli suke.

5/ Na ce masa, malam, tunda muka fara aikin nan, wane Alhaji ne ya taɓa tako ƙafa ya zo wurinmu? Babban mutum waya yake bugowa, ko ya aiko yaronsa, kai ka je ka same shi. Ko a kan bishiya ofishinka yake bai dame shi ba.

6/ Wanda ke zuwa da ƙafarsa shi ne mai cajin waya daga Baure, mai sayar da ƙanƙara daga Zango, manomin rani da tsadar fetur ta ishe shi tun da aka cire tallafi a 2023. Wannan mutumin in ya ga doguwar katanga da maigadi, a ransa ya riga ya ninka farashinka. Ba zai ƙwanƙwasa ba, wucewa zai yi. Ga hayar can ta kusa ninka ta sauran.

7/ Cikin gari kuwa araha, ga jama'a, kowa ya san ubanka. Amma faranti ɗaya ya kai mita biyu, motar kaya ba ta shiga lungun. Sai an sauke a titi a bi da baro, abin da gilashi ne. Lokacin hawan Sallah da Sallar Gani kuma hanyoyin fada na dawaki ne.

8/ Akwai wadda ba a faɗa da ƙarfi: bashi 😅 Inda kowa ya san ubanka, kowa kawunka ne. Ta ina za ka ce wa wanda ya halarci sunanka sai ya biya kafin a ɗaura masa batir?

9/ Saura bakin titi. Kafin mu biya ko sisi, kwana uku muka yi muna zama wurin mai shayin da ke kallon shagon, har da Lahadi, ranar kasuwar Mai'adua. Muna kallon wa ke wucewa, wa ke tsayawa. Mun tambayi maƙwabta ko ruwa na kwanciya a ƙofar a watan Agusta, da sau nawa aka fasa shago a layin. Dillali ba zai gaya maka waɗannan ba, mai faci zai gaya maka.

10/ Hanyar tana da nata haɗarin. An rufe boda a Agustan 2019, aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, sai Maris 2024 aka buɗe. Duk wanda ya ga yadda titin ya yi tsit a lokacin ya san ba a gina lissafi kan baƙin Nijar kaɗai. Mun cire su daga lissafin, muka ga mutanen Mai'adua da ƙauyukan hanya sun isa su biya haya.

11/ Wani dillalin ya so ya ja mu bayan gari da zancen jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2021 kuma zai bi ta Daura. Ya haɗa da ɗaliban Jami'ar Sufuri da na Foli. Mai sayen fili ya saurare shi. Mu hayar wata 12 gare mu, kuma ɗalibi fitila da caja yake saya.

12/ Wata biyar ke nan. Ƙura kullum sai mun share sau biyu, hon ɗin motoci ba ya barin a yi waya cikin natsuwa, abokina har yau in ya ga ƙura a kan kwamfuta sai ya ce "da GRA ce…" Mai shagon da ke jikin namu zai tashi bayan Sallah, mun fara magana da mai gida mu karɓa mu mayar da shi sito.