Ranar Ƙirgen Tumaki

Duk wanda ya taɓa ba makiyayi amanar dabbobinsa ya san akwai ranar ƙirge. Ran nan mai dukiya zai tsaya a bakin garke, ya ce ina wance, ina 'yar wance, makiyayi kuwa ba shi da wurin ɓuya, domin dabba ko dai tana nan ko ba ta nan. Wannan rana nake tunawa duk sa'ad da na buɗe Littafi Mai Tsarki na kai sura ta 34 ta littafin Annabi Ezekiyel, inda aka kira shugabannin Isra'ila makiyaya, aka jera musu laifofinsu ɗaya bayan ɗaya. 'Yan'uwanmu Musulmi ma ba baƙi ba ne ga wannan misali, tun da akwai sanannen hadisi da ya kamanta kowane mai riƙon amana da makiyayin da za a tambaya game da kiwonsa. Saboda haka na ga ya kyautu mu duba surar tare.

Shi dai Ezekiyel firist ne, watau ma'aikacin Haikali a Urushalima. A shekarar 597 kafin haihuwar Almasihu, Nebukadnezzar, Sarkin Babila, ya ci birnin, ya kwashi Sarki Yekoniya da fadawansa da maƙera da masu sana'a zuwa ƙasarsa, wadda take cikin Iraƙi ta yau. Ezekiyel yana cikin waɗanda aka kora gaba. A can baƙin wuri, a gefen Kogin Kebar, ya fara annabci. Ashe ke nan mai wannan magana yana ɗaya daga cikin tumakin da suka watse, ya ɗanɗana kuɗarsa da kansa.

Wane irin kiwo ne ya kai mutanen Yahuza ga wannan hali? Littafin Annabi Irmiya, wanda ya zauna a Urushalima a wannan zamani, ya ba mu amsa. Yehoyakim, uban Yekoniya, ya yi shekara 11 yana sarauta. Fir'aunan Masar ne ya naɗa shi, shi kuwa ya aza wa talakawa haraji don ya biya Masar gandu. Ana cikin wannan matsi ya tashi gina wa kansa fada mai bene da katakon al'ul, ya sa mutane aiki, ya hana su ladansu. Da aka kawo masa takardar gargaɗin Irmiya, lokacin sanyi ne, yana jin ɗumi. Mai karantawa ya karanta sashe uku ko huɗu, sarki ya sa wuƙa ya yanke ya jefa a wuta, har takardar ta ƙare ƙurmus. Irmiya ya sa magatakardansa Baruk ya sāke rubuta wata, har da ƙari.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Zadakiya, sarkin Yahuza na ƙarshe. Da sojojin Babila suka kewaye Urushalima, tsoro ya kama manya, sai sarki da fadawa suka ɗaura alkawari a Haikali cewa kowa zai 'yanta bayinsa Ibraniyawa, suka kuwa sake su. Ba a jima ba rundunar Masar ta taso, mutanen Babila suka janye don su tare ta. Da ganin ƙura ta lafa, sai manyan nan suka bi bayin da suka saka, suka kamo su, suka mai da su bauta. Tuban muzuru ke nan. Mutanen Babila suka komo. Wajen shekarar 587 garu ya fashe, Zadakiya ya gudu da dare, aka cim masa a filayen Yariko, aka kai shi Ribla gaban Nebukadnezzar. Aka yanka 'ya'yansa yana gani, sa'an nan aka ƙwaƙule masa idanu, aka tafi da shi Babila cikin sarƙa.

To, mai karatu, dubi yadda Ezekiyel ya tsara ƙarar. Abin da makiyayan suka aikata uku ne: sun ci amfanin garke, sun yi sutura da gashinsa, sun yanka masu ƙiba. Amma abin da suka ƙi aikatawa biyar ne, kuma duka sun shafi dabbar da ba a samun komai a jikinta: ramammiya, da mai ciwo, da mai karaya, da wadda ta ratse, da wadda ta ɓace sam. Babu wadda aka yi wa jiyya ko ɗori, babu wadda aka bi sawunta. A ganina nan ne nauyin surar yake. Mu kan auna shugaba da abin da ya sata, in bai yi sata ba mu ce mutumin kirki ne. Ma'aunin Ubangiji ya wuce nan. Asibitin da aka bari ba magani, da makarantar da rufinta ya yaye shekara da shekaru, da yaron da ya bar gida ba wanda ya tambayi inda ya kwana, duk suna cikin lissafi, ko da shugaban bai taɓa sisin kwabo ba.

Hukuncin kuwa irin na mai dukiya ne. Ubangiji ya ce zai nemi tumakinsa a hannunsu, ya raba su da kiwon, ya ƙwace abin da ke bakinsu. Ƙasa ma ta ba da shaida. Jamusawan da suka tona kufan Babila a farkon ƙarni na 20 sun sami allunan yumɓu, waɗanda suke ajiye a Berlin, inda akawun fada ya rubuta man da ake auna wa Yekoniya Sarkin Yahuza da 'ya'yansa biyar. Wanda aka haifa don ya ciyar da al'umma ya koma jiran mai awo. Sai da ya shekara 37 a tsare kafin a fito da shi daga kurkuku.

Na sha jin ana karanta wannan sura a majami'a, musamman in zaɓe ya gabato ko tsadar abinci ta yi tsanani, jama'a suna gyaɗa kai, kowa da wanda yake nufi a zuciyarsa. Sai dai galibi akan tsaya a tsakiya. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Daga aya ta 17 Ubangiji ya bar makiyaya ya juyo kan garken, ya ce zai yi shari'a tsakanin tunkiya da tunkiya. Akwai masu ƙiba waɗanda in sun ƙoshi sai su tattake sauran ciyawa, in sun sha ruwa mai kyau sai su dama ragowar da ƙafafunsu, su yi ta tunkuɗe raunana da kafaɗa da ƙaho.

Waɗannan ba su da rawani, ba su da kujera. Ɗan kasuwar da ya kulle hatsi a rumbu yana jiran bazara farashi ya ninka, ƙahonsa ne ya sa. Akawun da ya danne takardar fanshon tsoho sai an ba shi na goro, ruwa ya dama. Haka maigidan da ya ci dukiyar marayun ɗan'uwansa, da mai aikin da ya hana lebura ladansa rana ta faɗi, wanda ba shi da bambanci da Yehoyakim sai a girman fada. Kowannenmu talaka ne a gaban wani, shugaba ne a kan wani. Daga cikin tumakin nan masu tunkuyi ake zaɓen makiyayan gobe, don haka al'ummar da ta saba wa tunkuyi kada ta yi mamakin irin masu sandar da take samu.

Surar ba ta ƙare da fushi ba. Ubangiji ya yi alkawari shi da kansa zai nemo waɗanda suka watse, ya ɗaure masu karaya, ya sa musu makiyayi ɗaya mai sunan bawansa Dawuda, wanda mu Kirista muka gaskata Almasihu ne. Wannan ta'aziyya ce ga wanda aka zalunta, cewa mai garke bai manta da ko ɗaya ba.

Shawarata ga kowa, daga mai mulkin ƙasa har zuwa mai unguwa, daga limami da fasto har zuwa uban gida, ita ce ya yi wa kansa ƙirge tun mai dukiya bai iso ba. Ya fara da wadda ta rame da wadda ta ɓace, domin su za a fara tambaya. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya ba mu shugabanni masu tausayi, Ya sa mu ma mu ji tausayin na ƙasa da mu, amin.