Kundin da ke bakin ruwan Deira

Duk Bahaushen da ya taɓa zuwa sari Dubai ya san Deira: lungunan Naif da Sabkha, kasuwar gwal, da ƙananan jiragen abra da ke tsallakar da mutane zuwa Bur Dubai. Amma ba kowa ke lura da wani gini a titin Baniyas, daura da ruwan ba. Hukumar filaye ta Dubai ke nan, wadda aka kafa a 1960 zamanin Sheikh Rashid bin Sa'id, shekara shida kafin a tono mai a masarautar. Ni dai a ganina, wanda yake son fahimtar garin nan ya fara da wannan gini kafin ya je kallon Burj Khalifa.

Abin da ke ciki kundi ne guda. Dokar rajistar gidaje da filaye mai lamba 7 ta 2006 ta ce cinikin da bai shiga kundin ba bai yiwu ba, kuma abin da aka rubuta a ciki hujja ce yankakkiya, ba a ja da ita sai an tabbatar da zamba ko jabu. Mai saye da mai sayarwa su hallara, a biya hukuma kashi 4 cikin ɗari na kuɗin ciniki, a goge wancan suna a sa wannan. Shi ke nan. Ko hayar ɗaki ma sai an yi mata rajista a tsarin Ejari. Irin wannan tsari, inda kundin gwamnati shi ne mallakar kanta, ana jingina shi da Robert Torrens, wanda ya kawo shi Kudancin Ostireliya a 1858.

Mu a gida takardun ciniki muke yi wa rajista, ba mallakar ba. Idan wanda ya sayar maka ba shi da haƙƙi tun asali, hatimin ofis ba zai wanke cinikin ba. Shi ya sa mai sayen fili a Kano yake bin salsala: wa ya sayar wa wa, magada nawa ne, duk sun sa hannu? Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamna bisa amana, takardar shaidar mallaka galibi izinin zama ce na shekara 99, kuma sauya hannu sai da yardar gwamna. Tun a 1976, a shari'ar Idundun da Okumagba, Kotun Ƙoli ta lissafa hanyoyi biyar na tabbatar da mallakar fili, takarda ɗaya ce kawai a cikinsu. Tarihin kaka da kakanni da daɗewar zama duk suna ciki. Can kuma a awon igiya, takardar mai unguwa da shaidu da dillali su ne komai. Wata 'yar ajinmu da ke aiki a nan ta tara albashin shekara biyu ta aika gida aka saya mata fuloti, sai da aka zo zuba harsashi wani ya bayyana da tasa takardar, mai sa hannun mutumin da ya sayar mata. Har yau ana zaman sulhu.

Ban ce namu shirme ba ne. Tsarin da ke sauraron maƙwabci da dattijo yana kare tsohuwar da ta gaji gona ba ta da ko fallen takarda, kuma Nijar ta gane haka da ta kafa kwamitocin filaye a ƙarƙashin dokar karkara ta 1993. Dubai ba ta da wannan nauyin, domin mafi yawan unguwannin da ake ciniki a cikinsu yashi ne ko teku shekara talatin baya.

Kundin ma yana da iyaka. Baƙo ba ya mallakar gida sai a wuraren da aka ware, kamar Palm Jumeirah da Marina, ƙofar da aka buɗe a 2002. Unguwar hada-hadar kuɗi ta DIFC kuwa tana da nata kundin da nata kotuna masu bin salon shari'ar Ingila. Gidan da ba a gina ba, wanda ake tallarsa a Instagram da hoton kwamfuta, rajistar wucin gadi ake yi masa, mai suna Oqood. Rushewar kasuwa ta 2008 zuwa 2009 ta bar mutane da dama riƙe da rasit, ginin kuwa bai wuce ramin harsashi ba.

Inda na fi jin tsoro ga mutanenmu shi ne al'adar amana. Alhaji ya ba yaronsa ko abokin cinikinsa mai takardar zama kuɗi, a sayi gida da sunan wancan, shaida Allah da mutum biyu. A Kano, in rigima ta tashi, akwai mai unguwa da liman da maƙwabtan da suka san gaskiya. A nan wanda sunansa ke cikin kundi shi ne mai gida, kuma ran da ya rasu, magadansa ne za su kawo takardar gado daga kotu a juya musu, ba 'ya'yan Alhaji ba.