Maki Biyar Cikin Sha Shida

Kawuna ya yi shekara 22 yana aiki a wata masaƙa a Kakuri, cikin Kaduna. Ranar da aka rufe ta, babu wanda ya furta kalmar rufewa. Takarda aka liƙa a bakin ƙofa cewa ma'aikata su tafi hutu har sai an neme su. Da na je gaishe shi bayan wata uku, na tarar ya goge takalmin aikinsa ya ajiye a ƙarƙashin gado. "Ɗana," in ji shi, "injinan nan lafiyarsu ƙalau. Bashi ne kawai ya sha kan masu wurin."

Na daɗe ban gane cewa kawu ya taɓo tambayar da kowace dokar karayar arziki take ƙoƙarin amsawa ba. Idan kamfani ya kasa biyan bashi, alhali injinansa na aiki kuma masu sayen kayansa na nan, me za a yi da shi? A yanka shi a raba naman, ko a yi masa magani?

Dokar kamfanoni ta 1990, wadda aka fi sani da CAMA, ta fi ƙwarewa a yanka. Wanda ke bin kamfani abin da ya haura naira 2,000, ya nemi a biya shi aka yi mako uku ba a biya ba, yana iya zuwa kotu ya nemi a rushe kamfanin. Banki mai jingina kuwa sai ya naɗa mai riƙon kadara, wanda babban aikinsa shi ne ya ƙwato wa bankin kuɗinsa. Ba a tanadi wani lokaci na sararawa da za a ce wa masu bin bashi kowa ya dakata ba. Wanda ya riga kai hannu shi ke ɗauka.

Bankin Duniya ya yi shekaru yana auna irin wannan a rahotonsa na Doing Business. Yana da ma'aunin ƙarfin dokar karayar arziki, daga sifili zuwa 16, mai duba abubuwa huɗu: wa ke da ikon fara shari'ar, yadda ake kula da dukiyar kamfani a lokacinta, ko akwai hanyar sake masa tsari, da kuma irin muryar da masu bin bashi suke da ita. A rahoton ƙarshe, wanda ya fito a Oktoban 2019, Nijeriya ta samu 5. Rahoton ya kuma ƙiyasta cewa mai jingina yana samun kusan kashi 28 cikin 100 na kuɗinsa, bayan shekara biyu. Da na ga "shekara biyu" sai da na yi murmushi mai ɗaci, domin a lokacin kawu ya haura shekara goma yana jira.

A ranar 7 ga Agustan 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar CAMA. An ɗauko tsarinta daga dokar Ingila ta 1986, kuma sauyin ba ƙarami ba ne. Yanzu ana iya danƙa kamfanin da ya shiga matsi a hannun ƙwararren mai gudanarwa, wanda doka ta ce burinsa na farko shi ne ceto kamfanin yana raye. Muddin yana kan aikin, wanda aka ƙayyade wa shekara ɗaya da damar ƙari, babu mai bin bashin da zai ƙwace kadara sai da yardarsa ko izinin kotu. Daraktoci ma suna iya kiran masu bin bashi a yi yarjejeniyar sassauci wadda za ta hau kan kowa idan rinjayen da ake buƙata ya amince. A shekarar 2020, naira 2,000 ɗin nan ta koma 200,000.

Sai dai ma'aunin bai samu damar shaida wannan ba. A Satumban 2021 Bankin Duniya ya soke rahoton gaba ɗaya, bayan bincike ya gano an taɓa alƙaluman wasu ƙasashe, ciki har da Sin da Saudiyya. Duk wanda ya buɗe wancan jadawalin yau zai ga layin Nijeriya ya tsaya a kan 5, kamar agogon da batirinsa ya ƙare.

Ni dai ban yi takaicin hakan sosai ba. Da an ci gaba da aunawa, da makin ya yi tsalle, da an yi taron manema labarai a Abuja. Amma ma'aunin nan nassin doka kawai yake karantawa. Ba ya ƙirga ɗage zama a Babbar Kotun Tarayya, wadda ita ce ke da hurumin shari'o'in kamfanoni, ko shekarun da ɗaukaka ƙara a kan ƙaramin umarni ke cinyewa. Ba ya sanin cewa a wurinmu mai kamfani ya fi son ya ɓoye matsalarsa har ta kashe shi da a ji a kasuwa cewa ya nemi kariyar kotu. Shekara ɗayar da doka ta ba mai gudanarwa tana da amfani ne idan alƙali zai saurari buƙatarsa a cikin mako, kuma idan akwai bankin da zai ba kamfanin sabon rance don a sayi auduga a biya kuɗin wuta. Tsohuwar hanya kuma tana nan da ranta: hukumar AMCON ta naɗa wa kamfanin jiragen Arik mai riƙo a Fabrairun 2017, kuma shekara bakwai bayan haka yana hannun mai riƙo.

Injinan da kawu ya ce lafiyarsu ƙalau, ruwan sama ya yi ta zuba a kansu ta rufin da ya yaye, har aka sayar da su a ma'aunin kilo ga masu sayen tsohon ƙarfe. Ya rasu bai karɓi kuɗin sallamarsa ba. Takardunsa suna cikin wata jakar leda a hannun matarsa. Da Sallar da ta wuce ta ɗauko su ta shimfiɗa a kan tabarma, ta ce ta ji a rediyo an yi sabuwar doka, ko za ta shafi nasu? Na duba takardun ɗaya bayan ɗaya, na ce mata, "Inna, kamfanin da za a ceta ya riga ya zama fili." Ta yi shiru, ta mayar da su cikin ledar, ta ɗaure bakinta.